Yadda Kifi Ya Haifar Da Dogaran Teku A Aisland

Yau na ajiye labarin soyayya, zan kai ku Aisland, tsibirin da ƙasarsa ba ta noman kirki saboda sanyi. Kifi shi ne gonarsu, shi ne rumbunsu.

A 1899, lokacin suna ƙarƙashin Danmak, wani jami'i mai suna Hannes Hafstein ya shiga ɗan kwale-kwale don ya kama jirgin Ingila da ke satar kifi dab da gaɓa. Kwale-kwalen ya kife, mutum 3 suka nutse, shi ya tsira da ƙyar. Ni dai a ganina tun ranar suka gane cewa jiragen Danmak ba za su tsare masu tukunya ba.

Abin da ya fi burge ni, ba gwamnati ce ta fara ba. Mutanen tsibiran Westman ne suka sayi wani tsohon jirgi mai suna Thor a 1920, don ceton masuntansu. A 1924 aka ɗora masa igwa guda ɗaya, domin ɓarayin kifi ba sa jin magana da fatar baki. Ranar 1 ga Yuli, 1926 gwamnati ta karɓi aikin, rundunar ta kafu.

Wannan 'yar rundunar ce ta yi ta ja-in-ja da sojan ruwan Ingila daga 1958, tana yanke wayar komar jiragensu tun 1972, har Ingila ta haƙura a 1976 ta bar masu mil 200 na teku.