Zangon Ɗorugu a Malta

A ƙarshen watan Agusta na 1855 Ɗorugu da Abbega suka iso Tarabulus tare da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarimu. Daga nan jirgin ruwa ya ratsa da su Malta, tsibirin da ke kudu da Sisili. Ingila ke mulkinsa a lokacin, amma harshen Italiya ake yi a kotunansa. Ba su daɗe ba. Ranar 6 ga Satumba har sun isa Landan ta hanyar Faransa.

Mu dai wannan gajeren zango ya fi tsaya mana a rai. Ƙarnuka aka yi ana sayar da Musulmin da aka kamo a teku a bakin wannan tasha, sai da Faransawa suka ci tsibirin a 1798 aka 'yanta su. Shekara 57 bayan haka, ga yaro ɗan ƙasar Damagaram, wanda shi ma ya sha ɗacin bauta kafin Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya iso nan yana ɗa.

Labarin tafiyar da bakinsa ya bayar, da Hausa. Da aka buga shi a Magana Hausa a 1885, sunan J. F. Schön ne a bangon littafin.