Maigida, Jari da Lamuni: Nazari kan Horarwa da Tallafa wa Masu Fara Ƙaramar Sana'a a Zangon Kumasi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyi biyu da matashi ke bi ya tsaya da ƙafarsa a zangon Kumasi: tsohuwar hanyar maigida da yaronsa, da sabuwar hanyar shirye-shiryen gwamnatin Gana, musamman tun kafa Asusun Raya Zango a 2017. An dogara ga rubuce-rubucen masana tarihin zango, da dokokin da suka kafa hukumomin tallafi, da sakamakon gwaje-gwajen masana tattalin arziki a Gana da Togo da Kenya. Hujjar maƙalar ita ce, a tsarin maigida ilimin sana'a da jari da lamuni a hannu ɗaya suke, shirye-shiryen hukuma kuwa sun rarraba su, kuma wannan rarrabuwa ce take rage musu amfani.

1. Gabatarwa

A unguwannin zangon Kumasi irin su Aboabo da Sabon Zango da Asawase da Akwatia Line, kaɗan ne ke jiran albashin ƙarshen wata. Tela ne, mahauci ne, mai gyaran babur ne, mai sayar da wake da shinkafa ce, mai koko da ƙosai ce, ko mai awon ƙarafa a Dagomba Line. Irin wannan rayuwa ce Keith Hart ya nazarta a unguwar Nima ta Akra, ya fitar da maƙalarsa ta 1973 wadda ta sa masana suka fara ɗaukar sana'o'in da ba su da rajista da muhimmanci. Fiye da shekaru hamsin bayan haka, tambayar da ke gaban hukumomi ba ta sauya ba: mene ne zai sa wanda ya buɗe shago bana ya kai baɗi bai rufe ba? Amsar da aka fi bayarwa ita ce taron horo na 'yan kwanaki, da takardar shaida, wani lokaci da ɗan rance. Mai wannan nazari yana ganin zango ya riga hukuma amsa wannan tambaya, kuma amsarsa ta cancanci a auna ta da irin ma'aunin da ake auna na hukuma.

2. Gadon fatauci

Zangon Kumasi ɗan cinikin goro ne. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan ayarin goro, ya nuna yadda fataken Kano da sauran ƙasar Hausa suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja, inda Salaga ta zama babbar mahaɗarsu da goron Asante. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa wannan kasuwa. Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, fatake suka gangaro kudu suka kafa zango a gindin goron kansa. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan sauyi a farkon ƙarni na 20, lokacin da ya riƙa tura goro Legas ta jirgin ruwa.

Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne yadda wannan ciniki ya riƙa samar da sababbin 'yan kasuwa. A 1966 Polly Hill ta wallafa nazari kan masu masauki da dillalai, ta haɗa da bayani kan mahautan Kumasi. Abner Cohen ya ga irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Badun, ya rubuta a 1969. Ga yadda tsarin yake: baƙo ya kawo shanu daga arewa, bai san kowa a gari ba. Maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ya tsaya masa. Idan mahauci ya gaza, sunan maigida ne ya ɓaci, kuma baƙonsa zai sauya masauki. Saboda haka dole maigida ya san kowane mahauci ciki da bai: nawa yake yankawa, nawa ake binsa, yana cika alkawari ko ba ya cikawa.

A cikin wannan gida yaro ke tasowa. Yana farawa da aike da rakiyar baƙi, ya koma karɓo bashi, ya fara dillanci yana cin la'ada. Kafin a sallame shi ya san farashi, ya san mutane, mutane sun san shi. Ranar da zai fara nasa, jarin daga maigida zai fito ko daga wanda maigida ya yi wa magana, kuma wanda ya koya masa shi ne zai amsa idan aka zo neman bashi. Malami da mai jari da mai lamuni mutum ɗaya ne, kuma nasarar yaro ribarsa ce. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin.

Siyasa ta yi wa tsarin rauni. Umarnin korar baƙi na gwamnatin Busia a watan Nuwamba 1969 ya fitar da dubban mazauna zango daga ƙasar, da jarinsu da amanar da aka daɗe ana ginawa. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a zangon Kumasi ta wallafa shi a 1978, ta nuna yadda matsayin baƙunta ya ci gaba da bin 'ya'yan da aka haifa a garin. Duk da haka tsarin bai mutu ba. Ya koma shagon tela, da garejin kanikawa, da rumfar 'yan albasa, da mayankar Kaase.

3. Abin da hukuma ta kawo

Gana ba ta rasa hukumomi ba. Dokar 1981 ta kafa Hukumar Ƙananan Masana'antu, NBSSI, wadda ta fara aiki a 1985, dokar 2020 kuma ta mayar da ita Hukumar Kamfanonin Gana, GEA. An kafa cibiyar ƙananan rance ta MASLOC a 2006, aka ƙaddamar da shirin NEIP na matasa 'yan kasuwa a 2017, shirin YouStart ya zo a kasafin 2022, a watan Afrilu 2025 kuma Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin Adwumawura a Kumasi.

Wanda ya shafi zango kai tsaye shi ne Asusun Raya Zango, wanda doka mai lamba 964 ta 2017 ta kafa a zamanin Shugaba Akufo-Addo, tare da ma'aikata ta musamman da Boniface Abubakar Saddique ya fara riƙewa, daga baya Mustapha Abdul-Hamid. Tallafa wa sana'o'i yana cikin ayyukan da aka ɗora wa asusun. An horar da mata masu sayar da abinci, an koya wa matasa aikin kwamfuta, an yi filayen ƙwallo da ajujuwa. A 2021 aka rushe ma'aikatar, aikin ya koma ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa. Amincewar da doka ta yi cewa zango yana da haƙƙi a kasafin ƙasa babban abu ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Matsalar tana ga siffar tallafin. Mai horarwa ya gama kwanakinsa ya tafi, ko ɗalibarsa ta ci riba ko ta karye, haƙƙinsa ya riga ya fita. Rance yana wani ofishi dabam, da fom dabam, da sharaɗin kawo mai tsayawa. Kasuwa kuma, wato wanda zai saya, ba ta cikin lissafin kowa.

Kumasi tana da misali na akasin haka. A 1980 cibiyar ba da shawarar fasaha ta jami'ar KNUST ta buɗe sashen koyar da fasaha a cikin Suame Magazine, tsakiyar maƙera da kanikawa. Malaman jami'a ne suka bi masu sana'a wurin aikinsu, da injinan da za a gani a taɓa, kuma daga wannan gwaji aka gina shirin GRATIS a 1987 don sauran yankuna.

4. Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A shekarun baya, masana sun gwada irin waɗannan tallafi ta hanyar ƙuri'a: a ba wasu, a bar wasu, a bi sawunsu duka. Dean Karlan da Ryan Knight da Christopher Udry sun yi haka da teloli 160 a Akra. Wasu an ba su ƙwararrun masu ba da shawara, wasu sidi 200, wasu duka biyun. Telolin sun bi shawarar, sun fara rubuta lissafi, sun zuba kuɗin a shago, amma riba ba ta ƙaru ba, kuma bayan ɗan lokaci suka koma yadda suka saba. An wallafa sakamakon a 2015.

Marcel Fafchamps da David McKenzie da abokan aikinsu sun bi ƙananan sana'o'i kusan 800 a Akra da Tema, suka ba da sidi 150, wasu tsabar kuɗi, wasu kaya ko kayan aiki da mai sana'ar ya zaɓa. A wajen mata, tsabar kuɗi ba ta ƙara riba ba. Kaya ne suka ƙara, kuma a wajen waɗanda sana'arsu ta riga ta ɗan kafu. Wanda ya san gidan zango ba zai yi mamaki ba. Kuɗin da ke bakin zane na kowa ne: kuɗin makaranta, asibiti, gudummawar biki, ɗan'uwa da ya zo da larura. Buhun shinkafa ko keken ɗinki ba ya rabuwa da sauƙi haka.

Gwajin da ya fi kusa da tsarin maigida an yi shi ne a unguwar Dandora ta Nairobi. Wyatt Brooks da Kevin Donovan da Terence Johnson sun sa wasu sababbin 'yan kasuwa mata a aji, wasu kuma suka haɗa su da ƙwararriya a sana'arsu daga unguwarsu. Aji bai ƙara riba ba. Haɗin ya ƙara ta da kusan kashi 20 cikin ɗari, galibi saboda ƙwararriyar ta nuna musu inda ake sarin kaya da araha. Da alaƙar ta yanke, ƙarin ya dushe. Ilimin da ke kawo kuɗi ke nan na wuri ne da lokaci, kuma yana tsufa da wuri, don haka yana buƙatar dangantaka mai ɗorewa.

Kada a ɗauka aji ba shi da amfani ko kaɗan. A Lome ta Togo, gwaji kan masu sana'a 1,500 da aka wallafa a 2017 ya nuna horon da ke koya wa mutum himma da neman mafita da kansa ya ƙara riba da kashi 30 cikin ɗari, alhali darasin lissafi da talla na gargajiya bai yi tasirin da za a dogara da shi ba. Kada kuma a ɗauka kowane maigida alheri ne. Morgan Hardy da Isaac Mbiti da Jamie McCasland da Isabelle Salcher sun bi masu neman shiga shirin koyon sana'a na ƙasa kusan 4,000 a gundumomi 32 na Gana. Shirin ya tura matasa zuwa aikin kansu, amma da farko kuɗin shigarsu raguwa ya yi. Waɗanda suka koya a hannun masu sana'a mafiya ƙwarewa da riba su ne suka fi samu.

5. Kuɗin ruwa da amana

Akwai katanga biyu da ke tsakanin ɗan zango da rancen zamani. Ta farko addini ce. Yawancin mazauna zango Musulmi ne, da yawa ba sa karɓar bashi mai kuɗin ruwa, kuma a 2023, lokacin da Babban Bankin Gana ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30 cikin ɗari bayan hauhawar farashi ta haura kashi 54 a Disamba 2022, ko wanda bai damu da hukuncin ba lissafi ya hana shi. Ta biyu amana ce. A watan Mayu 2019 babban bankin ya soke lasisin kamfanonin ƙananan rance 347. Wanda ajiyarsa ta maƙale, ko ta maƙwabcinsa, ba zai yi saurin komawa ba. Shi ya sa adashi ke nan daram, shi da karɓar kaya bashi a biya bayan an sayar. Ga masu gudun kuɗin ruwa, Nijeriya ta buɗe wata ƙofa da bankin Jaiz a 2012. Ciniki irin na murabaha, inda mai tallafi ke sayen kayan aiki ya sayar wa mai sana'a a kan farashi sananne a biya kaɗan-kaɗan, ya dace da shari'a, ya kuma dace da abin da gwajin Akra da Tema ya gano game da fifikon kaya a kan tsabar kuɗi.

6. Ginawa a kan maigida, da gyara masa

Tsarin maigida yana da aibi da ba a so a faɗa. Ana iya riƙe yaro shekaru yana aikin kyauta, ranar sallama ba ta zuwa. Wanda ba shi da dangi a sana'ar ba ya samun shiga. Maigida ba ya koyar da abin da shi ma bai sani ba, kuma motocin yau masu kwamfuta sun wuce sanin kanikawa da yawa. A nan ne kuɗin hukuma zai fi aiki. A zaɓi masu gida bisa ƙwarewa da ciniki, ba bisa kusanci da jam'iyya ba. A rubuta yarjejeniya da ranar sallama, a gaban shugabannin sana'a da limamin unguwa. A sabunta wa maigida iliminsa a wurin aikinsa kamar yadda aka yi a Suame. Kada a biya shi wani kaso sai bayan shekara, idan shagon yaronsa yana buɗe. Jarin sallama kuma ya zo a kayan aiki, maigida ya tsaya.

Mata su ne suka fi buƙatar wannan gyara, domin gadon fatauci bai yi musu tanadi irin na maza ba. Yarinya tana koyon dafa wake da shinkafa ko dama fura a hannun uwa ko goggo, amma wannan koyo ba ya ƙarewa da sallama, sau da yawa aure ne ke yanke shi. Gracia Clark, a nazarinta na 1994 kan matan babbar kasuwar Kumasi, ta nuna kowane rukunin kaya yana da shugabarsa mai sasanta rikici da kare mutuncin 'yan rukuni. A zango ma akwai hajiyoyin da suka shekara talatin a kan tukunya ɗaya, sun san mai kawo wake mai kyau, sun san wanda ke ba da gawayi bashi. Su ya kamata Asusun Raya Zango ya yi wa rajista a matsayin masu horarwa, ya biya su, ya kuma karɓi shaidarsu a madadin takardar fili idan ɗalibarsu ta zo neman tukunya da murhu.