Yadda Manɗiƙi Ya Zauna a Zaurukan Tauhidi

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure, a Kano ko Katsina ko Zariya, ya san Ahalari, littafin da ake fara koya wa yaro hukuncin tsarki da salla. Amma kaɗan ne suka san cewa mawallafinsa, Shaihu Abdurrahman al-Ahdari, mutumin ƙasar Aljeriya, shi ne kuma ya tsara Sullam a shekara ta 941 bayan Hijira, waƙe ne gajere cikin ilmin manɗiƙi, watau ilmin ƙa'idojin kafa hujja da hankali, wanda ɗalibi ba ya isa gare shi sai ya ƙoshi da nahawu da fiƙihu, ya fuskanci tauhidi da usulu.

Kafin Sullam ya iso, an riga an yi jayayya kan fannin. Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, ya kasance cikin masu ƙaunar manɗiƙi, har ya yi masa waƙe, ya kuma yi wa waƙen sharhi da kansa. Shi kuwa Imamu Jalaluddini Suyuɗi na Misira, wanda ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa ta nasiha, yana ganin shagaltuwa da manɗiƙi haramun ne, domin daga littattafan Yunanawa aka ɗauko shi. Suka yi musayar baitoci, Magili yana cewa gaskiya ana gane ta ne da hujjarta, ko daga bakin wa ta fito, Suyuɗi yana mayar masa da cewa Musulmi ba shi da bukatar aro daga waɗanda ba su yi imani ba. Ahmadu Baba na Tambutu ne ya adana mana labarin. Abin mamaki, malaman ƙasar Hausa sun rungumi tafsirin Jalalaini, wanda Suyuɗi ke da hannu a ciki, suna karanta shi kowane watan azumi, amma a wannan mas'ala bayan Magili suka bi.

Dalilin haka kuwa yana cikin tauhidin da suke karantarwa. Littafin Sanusi na Tilimsan, Ummul Barahina, wanda ya zama ginshiƙin aƙida a makarantunmu, da hukuncin hankali yake buɗewa, watau wajibi da mustahili da ja'izi, sa'an nan ya bi sifofin Ubangiji yana kafa musu burhani. Ɗalibin da bai san yadda ake haɗa muƙaddima ƙarama da babba har natija ta fito ba, sai dai ya haddace lafazi ya bar ma'ana. Idan malam ya ce duniya mai sauyawa ce, duk mai sauyawa kuwa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce, tilas kuma fararre ya bukaci Mai fararwa, to ƙiyasin manɗiƙi ne ya yi, ko ya ambaci sunan fannin ko bai ambata ba. Shi ya sa magabata suka kira manɗiƙi mizani, kamar sikelin ɗan kasuwa, wanda ba shi ne hajar ba, amma da shi ake gane algus.

Sai dai kayan aiki yakan faɗa hannun wanda bai san haddinsa ba. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an sami wasu ɗalibai da suka ɗanɗani ilmin kalami, suka riƙa tare talakawa suna tambayarsu dalilan aƙida bisa tsarin mutakallimai, wanda ya kasa kawowa su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi musu raddi a littattafai masu yawa, yana tabbatar da cewa wanda ya furta shahada ya tsai da salla ana yi masa hukuncin Musulunci, ba a kuwa ɗora wa manomi sanin istilahin malamai ba. Wannan ya yi daidai da abin da Ahdari ya rinjayar bayan ya kawo saɓanin malamai, cewa manɗiƙi halal ne ga mai kaifin basira wanda ya lazimci Alƙur'ani da Sunna. A ganina hukuncin Shehu ne ya tsare wa fannin mutuncinsa a ƙasar Hausa, domin ya bar shi a hannun masu neman zurfi cikin tauhidi da usulu, ya hana a mai da shi abin auna imanin jama'a.