Katin naƙasa da wurin ajiye mota: abin da ya kamata matafiyi daga Gazawa, Agye da Gidan Rumji ya sani

Kowane mako motoci na tashi daga gundumomin Gazawa, Agye da Gidan Rumji ɗauke da masu naƙasa da marasa lafiya. Wasu Maraɗi ko Yamai suka nufa, wasu kuma sai sun tsallaka iyaka zuwa Katsina ko Kano, musamman asibitin ƙashi na Dala da asibitocin ido. Ga gurgu, ko tsohon da ƙafa ta gaza, tazarar da ke tsakanin inda mota ta tsaya da ƙofar asibiti tana iya fin sauran tafiyar wahala. Shi ya sa iyalai da direbobi ke yawan tambaya ko katin naƙasa da aka karɓa a gida yana aiki a wata jiha.

Amsar a taƙaice ita ce, katin yana da ƙarfi a inda ikon hukumar da ta ba da shi ya kai. A cikin Nijar yana aiki ko'ina. Da zarar an wuce Ɗan Isa ko Ɗankama, ya zama shaida kawai wadda jami'i ke iya dubawa ya sassauta, domin haƙƙoƙin da ke can dokar Najeriya ce ta tsara su.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Yawancin ruɗanin daga kalmar "jiha" yake fitowa. A Nijar ana cewa jihar Maraɗi, jihar Damagaram, jihar Tawa, amma dukansu doka ɗaya suke bi, wadda ake yi a Yamai. Gwamnan Maraɗi ba ya kafa dokar naƙasa ta daban. Saboda haka katin da ɗan Gazawa ya karɓa, darajarsa ɗaya a Tasawa, a Damagaram da a babban birni.

A Najeriya kuwa kowace daga cikin jihohi 36 tana da majalisar dokokinta da hukumominta na kula da hanya. Mai tafiya daga Jibiya zuwa Kano ta Katsina yana ratsa jihohi biyu, kowace da nata tsarin, ga kuma dokokin tarayya a kansu.

Abin da dokar Nijar ta tanada

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa akwai masu naƙasa 715,497 a Nijar, wato kashi 4.2 cikin 100 na al'umma. Dokar farko da ta tsara kare su ita ce mai lamba 93-012 ta 2 ga Maris 1993, wadda aka yi wa gyara a 2010. Ita ce ta keɓe masu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatu da kamfanonin da ke da ma'aikata 20 ko fiye. A ranar 24 ga Yuni 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin masu naƙasa, sannan aka kafa doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019, wadda ta shafi lafiya, karatu, aikin yi da sauƙin shiga gine-gine da motocin sufuri.

Katin shaidar naƙasa yana fitowa ne ta hannun sarwisin jin daɗin jama'a, bayan likita ya tabbatar da larurar. Babban amfaninsa shi ne sauƙin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Wanda bai san inda zai fara ba, yana iya tuntuɓar reshen Tarayyar Ƙungiyoyin Naƙasassu ta Nijar, wato FNPH, ko ya bi ta hannun sarkin makafi ko sarkin guragun garinsa, domin su ne suka saba kai mutanensu wurin hukuma.

Katin na mutum ne, ba na mota ba. Kuma a tashoshi da kasuwannin waɗannan gundumomi da wuya a ga filin da aka shata aka yi wa alama domin motar mai naƙasa. Inda mota za ta tsaya ranar kasuwa yana hannun ƴan sandikan direbobi, ƴan kamasho da ma'aikatan magajin gari, kuma galibi da fahimtar juna ake warware shi. Wanda ya saba da wannan tsari yakan yi mamaki idan ya isa babban birni ya tarar an ja layi a ƙasa, an kuma kafa allo.

Bayan an tsallaka iyaka

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018. Dokar ta bai wa gine-ginen jama'a da motocin sufuri wa'adin shekara biyar su yi gyara, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa, NCPWD, a 2020, mai hedikwata a Abuja.

Sashe na 12 na dokar shi ne ya yi magana kan wurin ajiye mota. Ya wajabta wa duk mai kula da filin ajiye motoci na jama'a ya keɓe wurare masu alama domin masu naƙasa, in bai yi ba tarar naira 1,000 ce kowace rana. Mai lafiyar da ya ajiye motarsa a wurin, tararsa naira 5,000, haka ma wanda ya tare wurin da gangan. Sharaɗin amfani da wurin shi ne motar ta kasance tana ɗauke da alamar da ta dace.

Akwai kuma wani tanadi da ya fi shafar mutanen karkara, waɗanda yawancinsu ba su da motar kansu. Laifin ajiye mota a wurin ba ya hawa kan direba mai lafiya muddin akwai mai naƙasa cikin fasinjojinsa. Ke nan direban da aka ɗauka shata daga Agye ya kai gurgu asibiti yana da abin da zai kare kansa da shi, matuƙar majinyacin yana tare da shi. Idan ya sauke shi ya koma kasuwa sayayya, wannan kariya ta ƙare.

Dokar ta ƙunshi wasu haƙƙoƙin da ba su da alaƙa da alamar mota. Dole direba ya tsaya cik kafin mai naƙasa ya hau ko ya sauka, kuma sauran fasinjoji su jira shi ya fara shiga. A kan layi shi ake fara saurara, kuma wanda ya saɓa wannan yana iya fuskantar tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Nuna wariya saboda naƙasa kuwa hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikata.

Takardar shaidar da dokar ta ambata iri biyu ce: ta dindindin, da ta wucin gadi wadda likita ke iya bayarwa da amincewar hukumar, wadda ba ta wuce kwana 180. Majinyacin da zai daɗe yana jinya a Kano na iya tambayar likitansa game da ita. Mallakar takardar ta hanyar ƙarya laifi ne mai tarar naira 200,000 ko ɗaurin shekara ɗaya.

Tarayya da jihohi

Dokar 2018 ta tarayya ce, kuma ƙarfinta ya fi bayyana a Abuja da cibiyoyin gwamnatin tarayya. Asibitin ƙashi na Dala, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina duk suna cikin wannan rukuni. Jihohi kuwa kowace na kafa tata. Legas ta yi tata tun 2011, Kano ta yi a 2018, Jigawa ma tana da tata.

A kan titi, wanda matafiyi zai fi haɗuwa da shi jami'in jiha ne: KAROTA a Kano, KASSAROTA a Katsina, sai jami'an kiyaye haɗura na FRSC a manyan hanyoyin tarayya. Babu katin naƙasa, na Nijar ko na Najeriya, da ke ba da izinin tsayawa a inda aka hana tsayawa ga kowa, kamar kan mahaɗar hanya, bakin gada ko ƙofar sashen gaggawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne direba ya nemi izinin masu gadin ƙofa ya shiga ya sauke majinyaci, sannan ya tambayi inda zai ajiye motar.

Ita ma takardar manne mai hoton keken guragu a kan shuɗi, wadda ake saya a kasuwa, ba izini ba ce. Wata ɗaliba ƴar Denmark, Susanne Koefoed, ta zana alamar a 1968, kuma ta zama alamar duniya ta wuraren da mai naƙasa ke iya shiga. Tana taimaka wa na baya ya gane cewa motar za ta daɗe tana sauke mutum, amma hukuma ce kaɗai ke ba da izini.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Kati na tsallaka iyaka da ƙarfinsa ne kawai inda ƙasashe suka zauna suka amince da na juna. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya ma ta amince da ita a 2010, ta kafa ƙa'idoji amma ba ta samar da kati guda na duniya ba.

Tarayyar Turai ta fito da samfurin katin ajiye mota guda tun 1998, kuma a watan Oktoban 2024 ta amince da dokar da za ta samar da katin naƙasa da na ajiye mota masu aiki a ƙasashenta 27. A Faransa, inda ɗalibai da ma'aikata ƴan Nijar ke da yawa, katin da ake kira CMI ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2017. Mai riƙe da nau'in ajiye mota yana tsayawa kyauta a bakin titi, ko shi ke tuƙi ko tuƙa shi ake yi, kuma wanda ya shiga wurin ba tare da kati ba yana biyan yuro 135, wato sama da jika 88 na sefa. A Amurka kowace jiha ke ba da nata, kuma suna karɓar na juna. Duk da haka birnin New York yana da nasa izini na daban ga mai son ajiye mota a bakin titi. Ko a can, katin yana bin mutum, amma ƙa'idar wurin da aka je ita ake bi.

Abin da ya kamata a riƙe

Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na ƴan waɗannan ƙasashe, da shiga ba tare da biza ba, har zuwa wata sanarwa. Duk da haka gara a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum kafin a tashi, domin ƙa'idar bakin iyaka na sauyawa.

Ban da katin ɗan ƙasa ko fasfo, mai naƙasa ya riƙe katinsa na asali da kwafinsa, da takardar likita mai hatimi da kwanan wata. Takardun Nijar da Faransanci ake rubuta su, jami'an Najeriya kuma Turancin Ingilishi suke karantawa, don haka fassarar takardar likita tana rage doguwar magana, ko da yake Hausa na warware yawancin al'amura a Katsina da Kano. Takardar turawa daga asibitin Maraɗi ko ta ganin likita a can tana da amfani sosai a shingayen hanya. Direba kuma ya tabbatar parmi, katin mota da asiransi suna nan da ransu, domin naƙasar fasinja ba ta wanke mota marar takardu.

Mai tafiya a motar haya ya yi maganar kekensa ko sandunansa tun wajen yankar tikiti, a san inda za a ɗora su, kuma ya nemi kujerar kusa da ƙofa. A tashoshin Najeriya shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW ne ke da ta cewa kan wannan. Saboda matsalar ƴan bindiga a yankin Jibiya da kudancin Gidan Rumji, masu bin hanyar sun fi son tafiyar rana.

Idan aka samu saɓani

Idan jami'i ya kama mota, direba ya nuna majinyacin da takardunsa, ya nemi ganin babban jami'i, kuma kada ya biya tara sai da rasit. A cikin asibiti, ofishin jin daɗin majinyata ne wurin kai kuka. Ƙungiyar JONAPWD, takwarar FNPH a Najeriya, tana da rassa a jihohi, kuma Nijar na da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano da ƴan ƙasa ke iya zuwa.

A gida kuma, ranar 31 ga Yuli ce ranar naƙasassu ta ƙasa, 3 ga Disamba kuma ta duniya. A irin waɗannan ranaku ƙungiyoyi kan gana da hukumomi, kuma dama ce ta neman a shata wuri ɗaya ko biyu a bakin asibitocin gunduma da tashoshin Gazawa, Agye da Gidan Rumji. Aikin bai wuce fenti da allo da umarnin magajin gari ba.