Yadda ake rarraba shara a gundumomin karkarar Jamus

A ƙasar Jamus alhakin kwashe sharar gidaje ya rataya ne a wuyan gundumomi da manyan birane. Ƙasar na da gundumomin karkara 294, kuma galibi hukumar gunduma ce ke tsara ranakun kwashe shara da kuɗin da magidanta za su biya, amma aikin farko, wato rarrabawa, a cikin gida ake yin sa.

Akasarin gidaje na da kwandon shara fiye da ɗaya. Shuɗi na takardu ne da kwalaye, mai ruwan ƙasa na ragowar abinci da ganyaye, baƙi ko toka-toka kuma na sauran tarkacen da ba sa sake moruwa. Robobi da gwangwanayen da aka sayo kaya a ciki ana zuba su ne a buhu ko kwando mai ruwan ɗorawa. Kwalabe kuwa akan kai su manyan akwatunan da ke bakin hanya, a ware farare da koraye da masu ruwan ƙasa, sannan ba a jefa su ranar Lahadi saboda ƙara.

Tsarin buhu mai ruwan ɗorawa ya samo asali ne daga dokar shekarar 1991, zamanin ministan muhalli Klaus Töpfer, wadda ta tilasta wa kamfanoni ɗaukar nauyin mazuban kayansu. A 2003 aka fara karɓar kuɗin ajiya kan gwangwanaye da gorunan abin sha, inda a yau mai saye ke karɓo santi 25 idan ya mayar da su kanti. Daga watan Yunin 2005 aka haramta binne sharar da ba a sarrafa ba, kana a 2015 ware ragowar abinci ya zama wajibi.

Da yake ƙauyuka na da tazara, gunduma kan raba kalandar da ke nuna ranar zuwan mota, sau da yawa bayan mako biyu. Tsofaffin firji da kayan lantarki ana kai su cibiyoyin tattarawa, fenti da magungunan ƙwari kuma wata mota ta musamman ke zagayawa tana karɓa. Mai lambu da ke yin takinsa akan ɗauke masa wajibcin kwandon ragowar abinci a gundumomi da dama.

Wanda ya cakuɗa shara kuwa, ma'aikata na iya barin kwandonsa ba a kwashe ba, har sai ya sake rarrabawa ko ya biya ƙarin kuɗi.