Shanun Dutsen Mesa da Idon Alƙalin Gasa

Duk wanda ya tsaya a gindin Dutsen Mesa a Birnin Kudu, ya ɗaga kai ya dubi ɓangaren da rana ba ta cika taɓawa ba, zai ga shanu a jikin dutsen. Da jan launi aka zana akasarinsu. Wasu an cike jikinsu tsaf, wasu kuwa layin gefe kawai aka ja aka bar cikin. Makiyayin da ya tashi cikin garken Bunaji da Rahaji zai riga ɗan boko lura da abu guda: shanun nan ba su da tozo.

A yau da wuya a ga saniya marar tozo a kasuwannin dabbobi tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Irinta ta saura ne a wasu wurare, kamar Muturu a kudancin Nijeriya da Kuri a tafkin Chadi. Saboda haka zanen ya zama shaida cewa an yi zamanin da irin waɗannan shanu ke kiwo a wannan yanki, kafin masu tozo su cika shi. Mai zanen bai yi nufin rubuta tarihi ba. Ya dai kalli dabbar da ke gabansa da kyau, ya sauke ta a kan dutse yadda take. Wannan kallo, da hannun da ya iya bin sa ba ƙari ba ragi, su ne abin da alƙalan gasar zane suka shafe kusan shekara 300 suna ƙoƙarin aunawa, musamman a fannin da ya fi kowanne kusa da jar ƙasa, wato zanen fastel.

Daga jar ƙasa zuwa sandar launi

Fastel garin launi ne da ake cuɗawa da ɗan abin haɗi, a da ƙaro ko wani danƙon itace, wani lokaci a ƙara alli don a sassauta kaifin launin, sannan a murza shi ya zama sanda kamar yatsa, a shanya. Mai zane ba ya buƙatar mai ko ruwa ko buroshi. Goga sandar yake yi a kan takarda mai kaushi, ƙwayoyin garin su maƙale a jikinta. Kayan haɗin nan ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Jar ƙasa da farar ƙasa sun daɗe suna ƙawata ɗakuna da sorayen sarakuna, ƙaro kuma shi ke sa tawadar malami ta kama allo. Har yau wasu launukan fastel, ja da rawaya da ruwan ƙasa, daga ƙasa mai sinadarin ƙarfe ake samo su, dangin wadda aka zana duwatsu da ita a sassan Afirka da dama.

Wannan haɗi ya ba fastel ƙarfinsa da rauninsa a lokaci guda. Da yake babu mai a cikinsa, ba ya dafewa ko ya koma rawaya da tsufa, shi ya sa zanen da aka yi shekara 250 da suka wuce yake haske kamar na jiya. Amma yatsa ɗaya na iya share shi, danshi na iya sa shi fumfuna, girgiza na iya kakkaɓe shi, don haka sai a bayan gilashi ake ajiye shi. Kuma ba a gauraya launukansa a faranti kafin a shafa. A kan takardar ake ɗora wani bisa wani, idan kaushinta ya cika kuwa ba za ta ƙara karɓa ba. Damar gyara kaɗan ce, kuskure kuma ba ya ɓoyuwa.

Yadda alƙalanci ya samo asali

Darajar fastel ta ɗaga ne a ƙarni na 18. Rosalba Carriera, wata mai zane daga birnin Venice na Italiya, ta isa Paris a 1720, manyan gari suka yi ta layi don ta zana fuskokinsu, kuma a shekarar aka karɓe ta a Makarantar Zane da Sassaƙa ta Sarkin Faransa. Wannan makaranta ce ke shirya babban baje kolin da ake kira Salon, kuma a 1748 ta kafa kwamitin da zai riƙa tantance ayyuka kafin a rataye su. Daga nan tsarin gasa mai alƙalai ya kafu. A Salon na 1755 Maurice Quentin de La Tour ya nuna katafaren zanensa na fastel na Madame de Pompadour, wanda yanzu yake gidan tarihi na Louvre.

Alƙalan wancan zamani suna da matakala. Zanen tarihi da na addini ne a sama, sai na fuskokin mutane, sai na rayuwar yau da kullum, zanen daji da dabbobi da kayan tebur kuma a can ƙasa. Da an kai musu shanun Dutsen Mesa, tun daga batun zanen za su rage maki. Sai da aka yi shekara 100 kafin wannan matakala ta fara girgiza. A 1848 Rosa Bonheur ta sami lambar zinare a Salon da zanen shanu da bijimai na yankin Cantal. Da fenti mai mai ta yi shi, amma darasin ya shafi kowane fanni: ta daɗe tana zarya a mayanka da kasuwannin dabbobi tana nazarin ƙashi da tsoka, har ta kai ba a iya musun abin da idonta ya gani.

Alƙalai kuma sukan yi kuskure, tarihi bai rufa musu asiri ba. A 1863 sun ƙi ayyuka masu yawan gaske, har Sarki Napoleon na Uku ya ba da umarnin a buɗe wa waɗanda aka kora nasu baje kolin. A 1874 Edgar Degas da abokansa suka shirya nasu ba tare da kwamiti ba, kuma Degas ɗin ya kai fastel ga masu rawa da masu wanki da dawakin sukuwa, yana barin sawun sandar a fili maimakon ya murje shi. Bayan haka masu fastel suka kafa ƙungiyoyinsu da gasanninsu: a Faransa a 1885, a Landan a 1898, a Amurka a 1972.

Abin da ake dubawa a yau

Gasannin yanzu sukan bi mataki biyu. Masu tantancewa suna duba hotunan ayyukan da aka aiko, sau da yawa ɗaruruwa, su zaɓi waɗanda za a rataye. Sannan alƙalin kyaututtuka ya zagaya ya ga ainihin zanen da idonsa. A matakin farko kowane aiki ɗan lokaci kaɗan yake samu, shi ya sa abin da ke fara ceton sa shi ne tsarinsa da rabon haske da duhu a cikinsa. Masu koyar da zane sukan shawarci ɗalibi ya ɗauki hoton aikinsa ya mai da shi fari da baƙi. Idan siffofin sun tsaya, ido kuma ya san inda zai fara sauka, ginin ya yi. Idan komai ya narke ya zama toka, kyawun launi ba zai tsirar da shi ba.

Na biyu shi ne ingancin siffa. Ƙafar doki dole ta ɗauki nauyin doki, wuyan raƙumi ya fito daga inda yake fitowa. Mai zane na iya miƙar da siffa ko ya taƙaita ta da gangan, amma alƙali yana bambance wanda ya karkata don ya sani da wanda ya karkata don bai iya ba.

Na uku shi ne sanin halin kayan aikin. Kuskuren sabon hannu a fastel shi ne yawan murzawa da yatsa, har ƙwayoyin launi su mutu, hoton ya koma kamar taɓo. Alƙali yana neman wurin da aka bar launi tsantsa yana walƙiya, da gefen da aka kaifafa inda ake son ido ya tsaya, da wanda aka sassauta inda ake son ya wuce. Yana kuma lura da inda mai zane ya san ya isa, ya ɗauke hannu.

Na huɗu, aikin ya zama na mai shi. Yawancin gasanni suna hana kwafar hoton da wani ya ɗauka ko aikin da aka yi a ƙarƙashin hannun malami. Bayan wannan ƙa'ida akwai tambayar da ta fi ta nauyi: me wannan mutum ya gani wanda saura ba su gani ba? A nan ne zane biyu masu ƙwarewa ɗaya suke rabuwa, ɗaya ya tafi da kyauta, ɗaya ya koma gida. A nan ne kuma ɗanɗanon alƙali ke shiga, har aikin da aka ƙi a wannan gasa ya yi na ɗaya a wata.

Idan aka ɗora shanun Birnin Kudu a kan wannan ma'auni, ba su da abin jin kunya. Ana gane su daga nesa. Ƙahonsu da gadon bayansu sun yi daidai har masana suka iya bambance mai dogon ƙaho da mai gajere. An yi su da launi kaɗan da layi kaɗan. Kuma daga rayuwar masu zanen suka fito.

Shekarar 1955

Mutanen gari sun san da zanen Dutsen Mesa da Dutsen Habude da duwatsu masu amo na Dutsen Murufu tun kaka da kakanni. Wanda ya kai labarinsu ga masana na duniya shi ne Bernard Fagg, mutumin da ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A 1955 ya gabatar da bayani a kansu a taron masana tarihin da na Afirka a Livingstone, cikin ƙasar Zambiya ta yau. Daga baya aka sa wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa, yanzu kuma suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

A wannan shekara ta 1955 ne aka mai da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Malamansa Turawa ne akasari, ma'auninsu ma na Turai. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarar aji, amma a koma gida a ɗebo siffa da ma'ana. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo. Waɗanda aka yi wa kallon masu taurin kai a lokacin, su ne daga baya suka zama malaman da ake auna wasu da su.

Kudancin Jigawa yana da irin wannan rijiya, amma guga bai cika shiga ba. Matashin Gwaram ko Birnin Kudu da ke da hannun zane yakan fara ne da kwafar fuskokin taurari daga waya, abin da ƙa'idar gasa za ta fitar tun a ƙofa. Ga shi kuwa akwai fagen gwaji, kamar gasar matasa ta Life In My City da ake yi a Enugu tun 2007, wadda ke karɓar ayyuka daga sassan ƙasar nan. Abin da zai bambanta shi da ɗaruruwan da za su aiko nasu yana kusa da shi: hasken hunturu a kan duwatsu, garke a mashaya, jar ƙurar ranar kasuwa, waɗanda duk sun dace da busasshen launi.

Kafin nan kuma akwai hakkin malaman farko. Zanen dutse, kamar fastel, garin launi ne da ke riƙe da fuskar da aka ɗora shi, sai dai ba shi da gilashi. Hayaƙi da ruwa da rubutun masu yawon buɗe ido da fasa dutse don gini sun ci irinsa a wurare da yawa, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Malamin zane da ya ɗauki ɗalibansa daga aji ya kai su gindin Dutsen Mesa da takarda da gawayi, ya ce su zana saniyar nan da layi goma kacal, ya koya musu rabin abin da alƙali zai nema. Ya kuma ƙara yawan waɗanda za su ji zafi ranar da aka ga wani ya kusanci dutsen da guduma.