Sunan Shekarau a Tarihin Kano da Yadda Ake Faɗarsa

Cikin sunayen da Hausawa suka gada tun kafin zuwan Musulunci akwai Shekarau, macensa kuwa Shekara. Ba sunan yanka ba ne, watau ba shi liman ke raɗa wa jinjiri ran suna ba. Laƙabi ne da kakanni ke sa wa yaron da aka ce ya shekara a cikin uwa tasa, ya zarce wata 9 da aka saba.

To, wannan laƙabi yana da nauyi, domin shaida ce. Hausawa sun yarda ciki yakan kwanta, ya daɗe bai motsa ba, sa'an nan ya tashi, shi ne ake kira kwantacce. Malaman mazhabar Malikiyya kuma sun ƙaddara iyakar zaman ciki da shekara 4, waɗansu suka ce 5. Saboda haka in mace ta haihu bayan mijinta ya daɗe a fatauci, ko bayan ya rasu, tsofaffin gida suka kira yaron Shekarau, to, sun faɗa wa gari ke nan cewa ɗan mijin ne, yana da gadonsa, ba mai ikon yi wa uwar gori.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci sarakuna biyu masu wannan suna. Na fari shi ne sarki na 8 daga Bagauda, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1290 zuwa 1307. Fadawansa suka matsa masa ya yaƙi masu bautar Tsumburbura, shi kuwa ya karɓi gaisuwarsu, ya bar su da al'adunsu. Sai ɗansa Tsamiya ne ya far musu. Na biyu jikan Kutumbi ne, ya hau a 1649, ya rasu a 1651, a zamaninsa malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu da Katsina. Abin lura, duka biyun da sulhu aka san su. A gidan Dabo kuma sunan macen ne ya ɗaukaka, domin Shekara ita ce mahaifiyar Sarki Usman da Sarki Abdullahi Maje Karofi.

Wajen faɗa, sunan yana cikin jerin masu ƙarewa da -au, kamar Korau na Katsina, da Jatau da Makau na Zazzau. Duka da murya ƙasa ake fara su, a ɗaga ta a gaɓar ƙarshe. Shekarau gaɓa uku ne: ana jan wasalin she, a taƙaita ka, duka biyu a ƙasa, sa'an nan rau ta hau. Wannan ya saɓa wa kalmar shekara, wadda tsakiyarta ke hawa. Rubutun boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sa'ad da Palmer ya juya littafin daga Larabci zuwa Turanci a 1908, sai ya rubuta Shekkarau da k biyu, har yau kuwa akwai masu kwafe wannan rubutu, alhali Bakano ba ya ninka wannan baƙi.

Yanzu sunan ya yi wuya a bakin yara. Likitoci sun tabbatar ciki mako 40 ne ko kusa da haka, hoton ciki kuma ya rage zancen kwantacce. Iyaye sun fi son laƙabin Larabci.  Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011, ya sa kowa a Nijeriya ya ji sunan, amma shi ma na mahaifinsa ne yake ɗauke da shi.